Tsohon Kabad Ko Sabuwar Kanta: Abin Dubawa Kafin A Kashe Kuɗi Kan Ma'ajiyar Littattafai

Littafi yana da nauyin da mai sayensa ba ya lura da shi sai ya taru. Idan aka jera littattafai masu kauri a kan katako mai tsawon mita ɗaya, nauyinsu yakan kai kilo 25 zuwa 30, kuma mujalladan tafsiri ko na hadisi masu bangon kwali sukan wuce haka. Wannan ne dalilin da ya sa kantar da ta yi kyau a shagon kafinta take lanƙwashewa a tsakiya bayan 'yan watanni. Bayan nauyi kuma akwai ƙurar hunturu, da damshin damina, da gara, waɗanda duk ba su damu da kyawun fenti ba. Saboda haka duk wanda yake son ya raba littattafansa da kwali da buhu ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba, ya kamata ya auna kowane zaɓi da waɗannan abubuwa huɗu kafin ya dubi launi.

Abin da ya fi yawa a kasuwa yanzu shi ne kantar allon MDF, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse, sannan aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Ana sayar da allon da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kuma kaurinsa yakan kasance milimita 15 ko 18. Fuskarsa sumul take, ba ya buƙatar fenti, kuma kafinta yana iya gama aikinsa cikin kwana biyu. Rauninsa shi ne ruwa, domin da zarar ruwan goge ɗaki ko damshin siminti ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, kuma kumburin ba ya saɓewa. Haka kuma idan aka kwance sukurun da ke riƙe da shi sau biyu ko uku, ramin yakan zarce ya daina kamawa, wanda hakan babbar matsala ce ga ɗan haya mai yawan tashi. Wanda ya nace sai shi, to ya nemi mai milimita 18, kada tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ta wuce santimita 60, sannan a yi masa ƙafafun ƙarfe ko na roba da za su ɗaga shi daga ƙasa.

Filawud ya fi shi ƙarfi da jure damshi, tunda siraran yankan itace ne aka liƙa bisa juna a gicciye, kuma mai milimita 18 yana iya ɗaukar tazarar santimita 80 ba tare da ya rusuna ba. Sai dai a dubi gefensa da kyau a lokacin saye, domin mai araha yakan zo da kogo a tsakanin yankan.

Katakon itace shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko Kasuwar Katako ta Yamai, masu sayarwa sukan raba shi gida biyu, fari da ja. Farin katako yana da sauƙin kuɗi da sauƙin yanka, amma shi ne abincin gara da ƙwaron nan mai huda itace yana zubar da gari. Jan katako, irin su maɗaci, ya fi tsada da nauyi, kuma yakan daɗe ƙwarai. Falanki mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12 ya yi daidai da littafi, domin zurfin santimita 25 zuwa 30 ya ishi kusan kowane bugu. Babban abin tsoro a nan shi ne ɗanyen katako, wanda yake zuwa daga Kudu da ruwa a jikinsa, sannan idan iskar hunturu ta buge shi sai ya murɗe ko ya tsage. Ana gane shi da nauyin da ya wuce kima da sanyin da hannu yake ji idan an dafa shi. Gara mutum ya saya ya jingine shi a inuwa na wasu makonni da ya miƙa wa kafinta a ranar. A shafa masa maganin gara irin su Solignum, a bari warin ya fita sarai kafin a ɗora littafi. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi bai dace da wannan aiki ba, saboda yana tsattsafowa ya ɓata takarda.

A ganina, duk waɗannan suna bayan wani abu da yake zaune a gidaje da yawa ba a kula shi ba, wato tsohon kabad na jere mai ƙofar gilashi, wanda iyayenmu mata suke shirya tangaran da kwanuka a ciki. Da yawansu an yi su ne da katako na gaske, sun riga sun bushe shekara da shekaru, kuma gilashin nan shi ne maganin ƙura wanda buɗaɗɗiyar kanta ba ta da shi. Idan babu a gida, ana samunsa wajen 'yan gwanjo a farashin da bai kai na sabuwar kanta ba. Kafin a biya, a girgiza shi a ga ko gaɓoɓinsa suna motsi, a ƙwanƙwasa ƙafafunsa a ji ko sun zama holoƙo, a leƙa bayansa ko akwai ƙasar gara ko garin katako. Karyayyen gilashi da ɓataccen hannun ƙofa ƙananan abubuwa ne, har ma sukan zama hujjar neman ragi, amma ƙafar da gara ta cinye daga ciki dalili ce ta barin cinikin gaba ɗaya.

Gyaransa aikin kwana biyu ko uku ne da mutum zai iya yi da kansa a tsakar gida. A cire ƙofofi da hannaye, a wanke maiƙo da ruwan sabulu kaɗan, a bari ya bushe. Daga nan a goge shi da samfefa mai lamba 80 domin cire tsohon fenti, a bi da mai lamba 120, a ƙarasa da mai 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katakon. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, don haka a ɗaura takunkumi, a jiƙa samfefar kaɗan domin ƙurar ta kwanta, kuma a kawar da yara daga wurin. A cike ramuka da garin katako da aka kwaɓa da farin gam irin Top Bond. Idan itacen yana da kyawun jijiya, banish ya fi fenti fito da shi. Idan kuwa ya sha faci, sai a yi shafin farko sannan a bi da fenti mara kauri sau biyu, ana barin kowane shafi ya bushe. Abu ɗaya da ake mantawa shi ne cewa an yi hawan kabad ɗin ne domin kwanuka, saboda haka a ƙara masa siririn katako a ƙarƙashin kowane hawa, ko a sauya hawan gilashi da falanki.

Kantar ƙarfe ta mai walda, irin wadda ake haɗawa a Panteka ta Kaduna, ita ce amsar gidan da gara ta addaba, muddin an yi mata jan fentin hana tsatsa kafin na sama. Ɗalibi mai ɗaki ɗaya kuwa, bulo 6 da falanki 3 sun ishe shi, a naɗe bulon da takarda ko yadi, kada kuma a wuce hawa uku domin gudun rushewa. Kantar da ake kafawa a bango tana rage cunkoso, amma tana buƙatar ginin bulo mai ƙwari da yardar mai gida. Bangon ƙasa ba ya riƙe ta, sai dai a faɗaɗa alkuki a shimfiɗa masa katako. Akwatin ƙarfe yana tsare littafi daga ɓera, sai dai yana tara gumi da damina, kuma abin da ke ƙasansa ba a cika karanta shi ba.

Ko wanne aka zaɓa, a auna littafi mafi tsayi kafin a je kasuwa, a tuna cewa takardar A4 ta kusa santimita 30, don haka hawanta yana son 33. A bar tazarar yatsu uku tsakanin kantar da bangon da ruwan sama yake duka, a sa masu nauyi a ƙasa, a keɓe hawan sama ga Alƙur'ani kamar yadda aka saba, sannan a ɗaure duk doguwar kanta da bango domin yara suna hawa. Game da ƙwayar kafur da ake jefawa don korar kyankyaso, tana da haɗari ga jarirai da yaran da za su ɗauke ta alewa, don haka a gidan da suke, kakkaɓe littattafan da shan iska a ƙarshen damina ya fi ta aminci.