Kansar mafitsara: duban likita ko gwajin ƙwayoyin gado na tsufa?

Idan kansar mafitsara ta kama dattijo a Mai Wurno ko Wad Madani da ke Sudan, tambayar iyali ɗaya ce: ina ciwon zai kai shi? Hanya biyu ake bi wajen hasashe.

Ta farko ita ce wadda aka saba. Likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari zuwa cikin mafitsara, ya yanko tsokar ƙarin, a duba ko ciwon ya tsaya a fatar ciki ko ya ci naman bango, sannan a ɗauki hoto a ga ko ya kai ga kaluluwa. Wannan bambanci shi ke raba wanda za a kankare wa ƙari a zuba masa BCG (maganin rigakafin tarin fuka) a cikin mafitsara da wanda za a cire wa mafitsara ɗungurungum. Aibinta, mutum biyu masu matakin ciwo ɗaya kan rabu a ƙarshe, wani ya warke, na wani ya dawo.

Ta biyu tana karanta ƙwayoyin gado masu alaƙa da tsufa, irin su TP53, CDKN2A da TERT, a haɗa maki a ce wannan haɗarinsa babba ne. Dabara ce mai kyau, amma har yanzu a ɗakin bincike take, kuma da tsada.

Abin da ya fi damuna shi ne tushenta. Akasarin lissafin an gina shi kan bayanan TCGA, wani shirin binciken ƙwayoyin gadon kansa na Amurka, majinyata kusan 400. Mu kuwa a yankin Jazira na Sudan tsargiya ce ke bin ruwan rafi, kuma kansar da take jawowa wani nau'i ne daban. Ni dai, manomin da ya ga jini a fitsari, bututun likita zan fara tura shi.