Haɗa Google Drive da ma'ajiyar fayil ta waya: yadda na same shi

Ina harkar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma hotunan rasidi da takardun motocin da ke kawo mana kaya daga Arewa sun cika mini waya, har ta daina karɓar sabon hoto. Wani ƙanena da ke gyaran waya a Agege ne ya nuna mini cewa manhajar My Files ta wayoyin Samsung tana iya haɗuwa da rumbun ajiya na intanet. A cikinta na zaɓi Google Drive, na shiga da adireshina na Gmail, nan take rumbun ya bayyana a jere da ma'ajiyar wayar, ina kwafe fayil zuwa cikinsa kamar yadda nake yi da katin memori.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ranar da direba ya musanta kuɗin da ya karɓa, ina tsaye a gindin tirela na buɗe rasidin na miƙa masa wayar, gardama ta ƙare.

Sai dai a sani cewa gigabait 15 da Google Drive yake bayarwa kyauta ana raba shi ne da Gmail da Google Photos, don haka bidiyo yana saurin cinye shi. OneDrive kuwa, wato rumbun ajiya na kamfanin Microsoft, gigabait 5 yake bayarwa kyauta. Haka kuma fayil ɗin yana intanet ne, buɗe shi yana cin data, kuma idan sabis ya yi rauni a tsakiyar kasuwa sai an yi haƙuri. Saboda haka takardun da nake nema kullum na bar kwafinsu a cikin wayar.