Ofishin ɗan majalisarmu: zuwa uku, buɗewa ɗaya

Tun bayan babbar sallah rijiyar burtsatsen unguwarmu ta daina ba da ruwa. Mai aiki da hasken rana ce, ga allo a jikinta da hoton Onarabul, ɗan majalisar wakilan mazaɓarmu, yana murmushi, an rubuta aikin mazaɓa. Da injin ya ƙone, dattawan unguwa suka ce tunda ni tsohon malamin makaranta ne, ni zan kai kuka ofishinsa.

Ofishin shago biyu ne aka fasa aka haɗe a bakin titi, aka shafe da fentin jam'iyya. Ranar Talata da hantsi na fara zuwa, kwaɗo na tarar a ƙofa. Mai shayin gefe ya ce, "Baba, ai sai oga ya shigo gari ake buɗewa." Mako na zagayowa na koma, haka nan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, kowane ɗan majalisar tarayya gwamnati na biya masa albashin hadimai biyar. A 2018 kuma Sanata Shehu Sani ya tona cewa a lokacin kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na tafiyar da ofis, 'yan majalisar wakilai ma da nasu kason. To a ce a rasa mutum ɗaya da zai zauna da makulli?

A na uku, ranar Juma'a, na dace. Wajen cike yake maƙil, mata da takardun asibiti a leda, samari da takardun neman aiki, ga 'yan jagaliya sun tare benci. Fanka ɗaya ce, ita ma tana kuka kamar za ta faɗo.

Wadda ta fitar da ofishin kunya ita ce sakatariya. Yarinya ce sa'ar autata. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta karanta wasiƙata har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ba mu ne muka haƙa ba. Oga sa aikin yake yi a kasafin kuɗi, wata hukumar tarayya ce ke ba da kwangilar." Ni da na shekara talatin ina koyarwa ban taɓa sanin haka ba. Ashe kuɗin da ake warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu ta ma'aikatu da hukumomi suke bi. Ta sa na ƙara sunan hukumar da ke jikin allon, ta buga hatimi da kwanan wata a kwafina, ta ce in adana shi da kyau.

Shi Onarabul minti biyar na samu. Matashi ne, irin waɗanda dokar 2018 ta buɗe wa ƙofa da aka rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ladabi kam akwai, har russunawa ya yi ya gaishe ni. Amma ina cikin bayanin injin ya cusa mini ambulan a aljihu, ya juya ga na baya. Dubu biyar ce. Na karɓa, ba zan ɓoye ba, kuɗin adaidaita sahu zuwa uku ba wasa ba ne. Sai dai ruwa na je nema.

Bayan mako uku wani injiniya ya zo, ya leƙa, ya ɗauki hoto, ya ce za a kawo sabon inji. Yau wata biyu ke nan, har yanzu wajen 'yan garuwa muke saye. Idan wannan watan ya mutu ba labari, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC zan rubuta wa, tunda tun 2019 take bin diddigin irin waɗannan ayyuka.

Maki biyu na ba su cikin biyar, duka biyun na sakatariya ne. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar mai shayi ko oga na gari, ya riƙe wasiƙa kwafi biyu, kuma kada ya fito sai an buga masa hatimi.