'Ya'yan kifi barbarar yanyawa daga wani gidan ƙyanƙyasa a Samaru

Gidan yana sayar da haɗin tarwaɗa da ramboshi, wanda masu kiwo ke kira hetero. Haɗin na gaske ne, don ƙaramin fiffiken kitse na bayan fiffiken gadon baya yana nan. Tarwaɗa zalla ba ta da shi, na ramboshi kuwa dogo ne. Kifin na da kuzari, kuma masu gidan suna tace manyan da ke cinye 'yan'uwansu kafin su sayar.

Inda ya kamata mai saye ya tsaya shi ne daidaiton dama da hagu na jikin kifin. Masu bincike a Turai suna auna wannan a haɗin wasu kifaye biyu, salmon na Atlantika da trout, inda suke ƙirga ƙasusuwan fiffiken ƙirji na kowane ɓangare. Trout na da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) 80, salmon kuwa wajen 58, wato tazararsu babba ce. Tarwaɗa na da 56, ramboshi mai dogon gashin baki 52, don haka tazarar kifayenmu kaɗan ce, kuma karkacewar jiki a nan ta fi nuna wahalar da ƙwai ya sha.

Kifin da gidan ke fitarwa da damina lafiya lau. Na hunturu ne ke da matsala: gashin baki ɗaya ya gaza ɗan'uwansa, murfin kunne a tauye, wasu da lanƙwasasshen baya. Ƙwai na son ruwa mai zafin digiri 27 zuwa 30, ya ƙyanƙyashe cikin kusan awa 24. Sanyin Zariya na Disamba da Janairu yana sauke ruwa ƙasa da haka, ga ɗakin nasu ba a rufe yake sosai ba. Jinkirin matse ƙwai bayan allurar Ovaprim, wadda ake yi wa uwar kifi don ƙwanta ya nuna, shi ma yana jawo nakasa, haka rashin bitamin C a abinci yana lanƙwasa ƙashin baya.

Kafin ka biya, a ɗebo maka guda 30 daga tsakiyar tanki, ba waɗanda aka zaɓa ba. Zuba su a farin baho, ka kalle su ta sama. Gashin baki takwas ne, huɗu kowane gefe, ƙayoyin ƙirji biyu kuma su zo daidai. Wanda ke iyo a karkace ba zai yi ƙiba ba, abinci kawai zai ci maka. Masu gidan suna yarda a yi wannan duban a gabansu, abin da ya sa muke ba da shawarar saye a wurinsu daga Afrilu zuwa Oktoba.