Kilinik ɗin da muka kai ƙanwata a Yaba

Jama'a don Allah duk wanda yake da yaro ko yarinya mai ji wa kanta rauni da gangan, a daina cewa aljanu ne ko neman suna. Mu daga Agege muka kai ƙanwata wani kilinik na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba, likitar ta zauna da ita su biyu, ba faɗa ba tsawa, har yarinyar da kanta ta naɗe hannun rigar da take ɓoye tabon, wallahi na yi kuka. Likitar ta ce da yawansu ba mutuwa suke nema ba, baƙin ciki ne ya cika musu zuciya ya rasa mafita, tsangwamar mutane kuma ita ke sa su ƙara ɓoyewa. Kuɗin akwai ɗan tsada, ga jira, amma sirri kam sun riƙe shi sosai.