Gargaɗi ga masu Mini da ƙananan BMW: ku yi hattara da masu musayar taya

Assalamu alaikum. Na kwana biyu ina juya wannan magana a raina, ko in rubuta ko in bar wa Allah. Amma tunda har yau tallar wani mai musayar taya da ya damfare mu tana yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma akwai ran wani bawan Allah a ciki, shiru bai kamace ni ba. Ba zan kama sunansa ko na shagonsa ba, don ba shi kaɗai ke wannan ɗanyen aiki ba. Salon nake so ku gane, ko a wane gari kuka ci karo da shi.

Ƙanwata tana da Mini Cooper S ƙirar 2010, ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Motar ta zo da tayoyin da ake kira ranfilat, wato taya mai ƙarfin gefe wadda ko iska ta fice gaba ɗaya ba ta kwanciya a kan wili. Ƙa'idarta, bayan ta sace za ka iya tafiya wajen kilomita 80, muddin gudunka bai wuce kilomita 80 a awa ba. Saboda wannan ne kamfanin BMW, wanda shi ne mai Mini, ya fitar da motoci da yawa ba tare da safaya ba. Buɗe but ɗin irin wannan mota, ba za ka ga taya ta biyar ba, galibi ma babu gurbin ajiye ta. Yawancin masu motar ba su san haka ba sai ranar da suka buƙace ta.

Wata rana tana dawowa daga Zariya, ƙusa ta shiga tayar baya ta dama a wajen Kura. Fitilar gargaɗi ta kama a allon gaba, ta kira ni a firgice. Na ce ta rage gudu ta taho a hankali. Haka ta lallaɓo har cikin Kano, tayar ba ko ɗigon iska, kuma ta iso lafiya. Tayar ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Sai dai daga nan kwanan tayar ya ƙare, domin ranfilat da ta yi tafiya mai nisa ba iska, cikinta ya riga ya dahu da zafi ko da daga waje tana nan sumul.

Muka shiga neman sabuwa, sai muka tarar da abin da duk mai irin motar ya sani: tana da wuyar samu, in an samu kuma kuɗinta ya fi na tayar gama-gari nesa ba kusa ba. Ga shi dama ƙanwata ta daɗe tana kuka da taurinta, kowane ɗan rami sai ta ji shi har ƙashin baya. Masu faci ma ba sa son ta, saboda gefen yana da tauri, cire ta da ƙarfen hannu sai an sha wahala, wani lokaci har a ji wa wili ciwo. Don haka shawarar komawa tayar gama-gari shawara ce mai kyau, mutane da yawa sun yi kuma sun ji daɗi. Ba canjin nake hana ku ba. Wanda ya yi mana canjin shi ne matsalar.

Tallar ta ce: kawo tsofaffin ranfilat ɗinka guda huɗu, ka yi ciko kaɗan, ka tafi da sababbin tayoyi huɗu a leda, da safaya da jak kyauta. Na kira lambar, mutumin ya amsa da fara'a, bakinsa kamar zuma. Ya san komai game da motar, har ya riga ni faɗin girman tayar. Wannan ne ya kwantar mini da hankali. Da muka je shagon sai ya ce, "Alhaji, yau aiki ya yi mana yawa, ku bar motar ku dawo bayan La'asar, za ku same ta tsaf." Ya nuna mana tayoyi huɗu a jingine, an naɗe su da leda mai walƙiya. Na ce a buɗe ɗaya in gani. Ya ce in an yage ledar kuma ban saya ba, kamfani ba zai karɓa ba. Na biya cikon, muka tafi.

Ku lura da waɗannan abubuwa biyu, barin mota da hana buɗe leda. A nan duk damfarar take.

Da muka dawo, tayoyi baƙi wuluk suna sheƙi, zane ya fito raɗau. Rasit ɗin da ya ba mu, abin da aka rubuta kawai shi ne taya huɗu da kuɗi. Babu sunan kamfanin tayar, babu girma, babu shekara.

Kwana tara aka yi. Ƙanwata ta ce, "Yaya, sitiyarin nan yana rawa in na ɗan taka." Na duba, sai ga kumburi kamar ƙwan kaza a gefen tayar gaba. Na kai motar wurin wani dattijo mai faci a unguwarmu, wanda tun muna yara yake zaune a gindin bishiyar nan da kwano da famfonsa. Ya durƙusa, ya jiƙa tsumma da fetur ya goga gefen tayar. Tsumman ya yi baƙi ƙirin, a ƙarƙashin shafen kuma sai ga roba ta yi furfura, duk ta tsattsage ƙanana-ƙanana kamar kaushin ƙafa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

Ya kama yatsana ya ɗora a kan lambar shekara. Kowace taya tana da jerin haruffa da ke farawa da DOT, a ƙarshensu akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, ma'ana mako na 23 a shekarar 2019. A tayarmu wurin ya lotsa, an goge shi da gurza, an buga wasu lambobi da ƙarfe mai zafi, ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Ɗaya daga cikin tayoyin an buga mata 5723. Baba ya ce, "Shekara mako nawa ce?" Na ce 52. Ya ce, "To kai ka taɓa jin mako na 57?"

Sannan ya koma kan zanen. Tayar kirki tana da wasu ƙananan tudu a cikin kwarin zanenta, waɗanda ke nuna iyakar cinyewa. In zanen ya sauko daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. A tamu babu su, an yanke. Sudaɗɗiyar taya ce aka bi da wuƙa mai zafi aka sake fitar mata da zane. Ya sa tsinke a cikin kwarin ya kankara, sai ga waya tana leƙowa. Irin wannan sake zane ana yi wa wasu tayoyin manyan motoci ne waɗanda aka ƙera da kaurin da zai ɗauka, kuma a rubuce yake a jikinsu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan naman. Abin da ya rage tsakanin ƙanwata da kwalta bai fi kaurin fatar takalmi ba.

Bai tsaya nan ba. Girman da motar ke ɗauka shi ne 195/55 R16, da lambar nauyi 87, wato kowace taya tana ɗaukar kilo 545. Na gaba biyu sun dace da wannan. Na baya biyu kuwa 195/50 R16 ne masu lamba 84, kilo 500 ke nan, kuma sun fi na gaba gajarta. Da ido ba za ka gane ba sai ka sunkuya ka karanta.

Safayar da aka ba mu kyauta ita ce ta fi tayar mini da hankali. Baba ya ce mu gwada ta. Hujin noti huɗu ne, sun yi daidai da na motar, amma ta ƙi zama. Wilin wata ƙaramar Toyota ne. Ramin tsakiyarsa milimita 54.1 ne, na Mini kuma 56.1. Bambancin milimita biyu kacal, amma har abada ba zai shiga ba. Ku yi tunanin mace ita kaɗai da dare a hanyar Zariya, taya ta fashe, ta fito da safaya tana ganin ta tsira, sai safayar ta ƙi shiga. Da ranfilat ɗinta ce da ta lallaɓa ta iso gari. Mutumin nan ya karɓe mata abin da ke kare ta, ya ba ta abin da zai yashe ta a daji.

Wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce kawai. Kowa ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016, lokacin da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha jan kunne a kan tsofaffin tayoyi, kuma wa'adin taya da take faɗa shi ne shekara huɗu daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin da kansa ya ce duk kyan taya, in ta kai shekara goma a cire ta. Shigo da tayoyin ƙananan motoci na hannu ma yana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta a Najeriya. Duk da haka kasuwa cike take da su, kuma mai goge shekara ya san sarai abin da yake ɓoyewa.

Washegari na koma shagon da tayoyin a but. Fara'ar nan ta ranar farko babu ita. Ya ce rami ta faɗa, ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, ya ce in nuna masa inda rasit ya ce sababbi ne. Ina tsaye muna wannan ja-in-ja sai idona ya kai kan wasu tayoyi uku a bakin ƙofa, an wanke su an shafe su, an rubuta musu da alli: Beljiyam, lamba ɗaya. Na ƙanwata ne. Na gane su da wani tabon fenti a gefen ɗaya. Kuɗin da ya sa wa guda ɗaya ya kusa rabin cikon da na biya. Wato riba biyu yake ci: ya karɓi kuɗinka a kan shara, ya sayar da tayoyinka masu rai ga wani.

Na tambayi ta huɗun, wadda ƙusa ta huda. Yaron shagon ne ya ba ni amsa kafin maigidansa ya harare shi. Ya ce an toshe hujin, wani mai ƙaramar BMW ya saya tun makon jiya.

Mun kai maganar gaban shugabannin 'yan kasuwar wurin, ana kan yi. Na kuma ji daga bakin masu faci cewa ana yin damfarar ta ɗaya fuskar: a sayar maka da tayar gama-gari a kuɗin ranfilat, kai kuma ka yi ta yawo ba safaya kana ganin kana da kariya. Ranfilat ta gaskiya tana da shaida a jikinta. Bridgestone na rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Dunlop DSST, Pirelli kuma Run Flat ƙarara, sannan waɗanda aka yi wa BMW da Mini galibi suna da RSC a cikin zagaye. In ba a ɗaura ta a wili ba, danna gefenta da hannu biyu. Ta gaskiya da ƙyar take motsi, kuma ta fi ta gama-gari nauyi.

Wanda ke son ya canza, ya canza, amma ya tsaya a kan motarsa har a gama. A yage leda a gabanka, ka karanta shekara a kowace taya, ka shafa wurin da yatsa ka ji ko ya lotsa. Girma da lambar nauyi su yi daidai da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a nan ma za ka ga yawan iskar da ake sa wa. A canza huɗun gaba ɗaya, kada a haɗa ranfilat da gama-gari, balle a ce ɗaya a dama ɗaya a hagu. Safaya kuwa a ɗaura ta a motar a gabanka, gaba da baya, ka ga ta zauna, ka tabbata jak da sifana suna aiki. Ka sayi ɗan famfon iska mai aiki da wutar mota ka ajiye. Bayan an gama a sake saita na'urar gargaɗin iska. Rasit ya ɗauki sunan taya da girmanta da lambobin shekara huɗun nan. Tsofaffin tayoyinka kuma ka tafi da abinka. Wadda ta yi tafiya ba iska, ka sa a tsaga gefenta da wuƙa a gabanka. Wannan ne abin da ban yi ba, kuma shi ne yake hana ni barci.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta ya taimaka ya tura wa masu ƙananan BMW da Mini da ya sani a Kano da kewaye. Wanda ya sayi ranfilat guda ɗaya ta hannu a 'yan makonnin nan, girman 195/55 R16, mai alamar RSC, da toshi a tsakiyar zanenta, don girman Allah kada ya hau babbar hanya da ita. Ya je a cire ta daga wili a leƙa cikinta. In ya ga garin roba baƙi a ciki, ko layin ƙuna ya zagaye gefen, to ita ce, ta taho daga Kura har Kano ba iska.