Hattara da masu cewa za su "juya" muku faifan DVD ya yi aiki a ko'ina

Jama'a, a kula da masu talla a intanet cewa a aika musu faifan DVD da ya ƙi kunnuwa, su juya shi daga tsarin hoto na NTSC zuwa na PAL ko akasin haka. Da yawansu ba abin da suke juyawa. Suna cin kuɗin mutane ne saboda mai faifan bai san cewa abubuwa biyu ne daban ke hana faifai kunnuwa ba, su kuma da gangan suke cakuɗa su.

Na farko lambar yanki ce, wadda ke hana faifai kunnuwa a na'urar wani yankin duniya. Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Turai da Japan da Afirka ta Kudu na 2, Rasha da Indiya da yawancin Afirka na 5, Sin na 6. Wannan kulle ne kawai, bai taɓa hoton ba. Idan na'ura ta rubuta cewa yankin bai dace ba, to ba maganar PAL ko NTSC ake yi ba. Na biyu shi ne tsarin hoton kansa: NTSC yana da girman 720x480 da hoto 29.97 a daƙiƙa, PAL kuwa 720x576 da hoto 25. Alamarsa dabam ce: faifan zai kunnu, amma hoton ya fito baƙi da fari, ko ya riƙa gudu sama da ƙasa, ko a ji murya allo kuwa duhu.

Ga yadda damfarar take. Mutum zai kwafe faifanka a kan faifan da ba komai, wanda dama ba ya ɗauke da lambar yanki, ya ce ya juya. Wani ya fi wayo: sai ya buɗe ɗan fayil ɗin IFO, mai ɗauke da bayanan faifan, da ke cikin VIDEO_TS (jakar fayilolin faifan), ya sauya rubutun NTSC ya koma PAL, aikin minti biyu. Bidiyon yana nan yadda yake. A kwamfutarsa zai kunnu, har ya turo maka shaida, domin kwamfuta ba ruwanta da wannan bambanci. Ka sa a na'urarka, hoton ya matse, ko ta ƙi karɓa gaba ɗaya. Don kama shi, buɗe fayil ɗin VOB, wanda shi ne bidiyon kansa, da manhajar MediaInfo, kada ka duba IFO. In an ce PAL ne ka ga 480 da 29.97, an cuce ka.

Akwai kuma masu juyawar amma aikin ha'inci. Don su sauko daga 29.97 zuwa 25 sai su zubar da kusan hoto ɗaya cikin kowane shida. Ba za ka gane ba sai kyamara ta juya gefe ko rubutun ƙarshe na hawa, a nan hoton zai riƙa tuntuɓe. Aikin ƙwarai, idan asalinsa fim ɗin sinima ne, a mayar da shi hoto 23.976 a daƙiƙa, sannan a ƙara masa sauri da kashi 4 cikin 100, hoto da murya tare. Shi ya sa fim mai awa biyu yake raguwa da kusan minti 5 a PAL, kuma wannan ba laifi ba ne. Idan aka manta da muryar, baki da magana za su rabu da kusan minti biyu da rabi a kowace awa. Abin da ya fi ɓata rai shi ne matse faifai mai 8.5GB cikin mai 4.7GB ba tare da an faɗa maka ba: duhu ya koma dabbare-dabbare, fassarar ƙasan allo ta ɓace.

Ɗan akwatin juya hoto da ake sayarwa mai jan waya da fara da rawaya siginar hoto kawai yake sauyawa, ba ya buɗe yanki. Faifan da aka ce na kamfani ne mai "yanki 0", wato mara kullen yanki, juya bayansa. In launin shunayya ne, kwafi ne. Na'urar faifai ta kwamfuta kuwa sau 5 take yarda a sauya mata yanki, sannan ta kulle a kan na ƙarshe, ko an sake wa kwamfutar Windows. Masu sayar da manhajar "buɗe ta" na iya kashe na'urar ko su cusa maka ƙwayar cuta.

Kafin ka biya kowa, gwada faifan a wata na'urar da talabijin na zamani ta wayar HDMI, domin yawancin na'urorin ƙasashen PAL suna kunna NTSC da kansu. In juyawar ta zama dole, musamman bidiyon iyali da ba shi da na biyu, kada asalin ya bar hannunka: ka kwafe VIDEO_TS ka ba da kwafin. Ka nemi gwajin minti 5 daga wurin da ake motsi sosai, ka kalla a talabijin ɗinka, kuma ka duba ƙarshen faifan ko murya na tafiya da baki kafin ka saki kuɗi.